Ba Na Yi Wa Mai Rai Takaba

"Ba zan ɗaura ba, Kumandan."

Na ajiye zanen a kan teburinsa. Tafinta ya buɗe baki, na ɗaga masa hannu. Da Faransanci na faɗa, shekarata huɗu a lakwal, makarantar boko, a Damagaram.

Turawa biyu ne suka zo Tanut da akwati mai ƙafa uku, suna ɗaukar hoto mai motsi, baƙi da fari, ba murya. Labarin soja ne da ya tafi yaƙi ya bar matarsa. Ni da nake karanta wa mutane wasiƙun soja a biro, wato ofishin Kumandan, ni aka zaɓa. Kwana uku ina tsayawa bakin hanya ina hangen arewa, mai akwatin yana cewa bai taɓa ganin idon da ya iya wasa kamar nawa ba. Ba wasa nake ba. Shekara uku ke nan da aka ɗauki mijina Barmo soja.

Yanzu an zo wurin mutuwar sojan. Wai in tsefe kaina, in ɗaura zanen takaba, in zube ƙasa ina kuka.

"Wasa ne kawai, Hajjo," in ji Kumandan. "Ki yi, yau ɗin nan in rubuta a sallamo mijinki."

"Mijina yana da rai."

"To, me zai same shi?"

"A garinku ana yi wa mai rai takaba?"

Ya ba ni zuwa la'asar in yi shawara.

A gida na tarar Inna Tata, uwar mijina, labari ya riga ni zuwa. Ta riƙe hannuna.

"'Yar nan, ki ɗaura... Allah ya san zuciyarki."

"Inna, da hannuna zan kira wa ɗanki mutuwa?"

"Ni na haife shi, ni na ce ki yi. Idona ya fara tafiya, Hajjo. Ina so in gan shi kafin ya rufe."

"In ya dawo aka ce masa matarsa ta yi zaman takabarsa a gaban Nasara, an kai hoton har ƙasarsu... da wane ido zan dube shi?"

"Da idon da zai gan ki. Ni fa?"

Na tashi. Na shiga ɗaki na kifa fuskata a tsohuwar rigarsa. Masoyina, da kana nan da wanne za ka zaɓa mini?

La'asar ta yi, ban koma ba.

Wata mata daga Gangara suka samu ta yi musu kukan. Kumandan bai rubuta takardar ba, kuma ya kore ni daga biro. Barmo ya ƙara shekara biyu a soja. Ranar da ya dawo, Inna Tata da hannu ta shafa fuskarsa, don ta makance tun damina. Har ta rasu ba ta sake kirana 'yar nan ba.