Furar Inna A'i

Har yau in Lailatu ta zauna a tsakar gidan nan na Gwaram, sai ta tuna shekarar farko ta aurenta, lokacin da ake nuna ta da baki wai ta shanye ɗan mutane.

Zulkifli, mijinta, ɗan fari ne ga Inna A'i, da furarta da nonon shanunsu ya girma. Sai ga shi bayan biki ya daina taɓa ƙwaryar. Ɗanwake ma in an aiko, yadda ya zo haka yake komawa.

"Asiri ne!" in ji Inna. "'Yar Birnin Kudu ta raba ni da yaron nan. Ko ya sake ta, ko ya nemi wata uwar!"

Lailatu ta sha kuka, amma ba ta tona asirin mijinta ba. Ita ta raka shi asibitin Birnin Kudu, da kunnenta ta ji likita ya ce hanjinsa ne ke saurin tashi. Ba ciwon kisa ba ne, sai dai lallaɓawa: ya rage nono da wake da yaji, ya riƙa ci kaɗan-kaɗan, ya bar sa damuwa a rai.

"Don Allah, Laila, maganar dokta ta tsaya tsakaninmu," ya roƙe ta. "Da wane ido zan ce wa Inna zawo nake yi? Matar da ko sunana ba ta faɗa!"

Da rigimar ta kai maƙura, gogan naka ya ɗauki ƙwaryar fura da nono a gaban uwarsa ya shanye tas, wai don ya wanke matarsa. Kafin la'asar ciki ya kumbura, yana murƙususu, yana zaryar banɗaki.

"Ke! Me kika ba shi?" Inna ta daka mata tsawa.

"Ba ita ba ce, Inna," ya ce da ƙyar. "Nonon ne cikina ya ƙi. Likita ya hana ni, kunya ta sa na ɓoye. Ita rufa min asiri take yi."

Inna ta daɗe tana kallon surukarta, hawaye na zuba.

"Ashe jinya kike, ni ina zagin ki? Yafe min, 'yar nan. Taso ki nuna min abin da yake ci."

Tare suka riƙa girki tun daga ranar, suna hira suna dariya, har Allah ya karɓi ran tsohuwar. Wallahi Lailatu tana kewarta kamar uwar da ta haife ta.

Haƙurin mace ba ya tashi a banza. Amma ciwo ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne ya kusa kashe auren nan.