Yatsan Malam Nuni

Bakwai saura na safe gidan Kafinta ya riga ya kacame. Umma na tsaye a kicin da Auta goye a baya, hannu ɗaya na juya ƙwai a kasko, ɗayan na laluben murfin fulas, kunnenta kuwa yana falo inda babbar 'yarta ke zuba labarin da ba wanda ya tambaye ta. Shekarar yarinyar shida, amma tun tana 'yar shekara biyu aka sa mata Rediyo, don in ta buɗe baki da safe barci ne kawai ke kashe ta.

"Umma! Safata ɗaya ta ɓata! Kuma Anti ta ce duk wanda bai yi homwok ba zai tsaya gaban allo. Umma, kin san an cire wa ƙawata haƙori?"

"Safarki na ƙarƙashin kujera inda kika yar da ita jiya. Rage murya, kin tashi maƙwabta."

Sai ga na tsakiya ya shigo yana murza ido. Shekararsa uku da wata huɗu, ga kumatu ga manyan idanu, amma har ranar bai taɓa furta kalma ɗaya ba. Duk abin da yake so da yatsa yake nunawa, shi ya sa ubansa ya laƙaba masa Malam Nuni. Ya ɗaga yatsa wajen kanta, kafin yatsan ya gama miƙewa Umma ta riga ta cika masa jan kofinsa da ruwa. Ya nuna ƙafa, ta turo masa silifas. Ya juya wajen tebur.

"Burodi yake so, a cire masa ɓawon!" in ji Rediyo daga falo, ko ganinsa ba ta yi.

Kafinta ya leƙo yana ɓalla maɓallin riga. "Wannan bawan Allah ya ji daɗi. Ga mai hidima, ga tafinta. Ni da zan samu haka ai nima sai in daina magana."

"Daina mana, mu huta," in ji Umma.

Ya miƙa hannu zai tsinci ƙwai daga kasko, ta ɗana masa cokali a bayan hannu. Duk da haka sai da ya tsinta, ya fita yana hura yatsu yana dariya. Shekara bakwai da aurensu, har yanzu in ya yi irin wannan dariyar sai ta ji gajiyarta ta ragu. Gidan ɗaki biyu ne da falo, wanki ba ya ƙarewa, ƙasan tebur ba ya rabo da ɓarɓashin biskit, amma da za a tambayi Umma ko tana da wata damuwa a duniya, sai ta yi tunani kafin ta samo. Ko shirun Malam Nuni bai hana ta barci ba. Likita ya duba kunnensa ya ce lafiya lau, ita kuwa ai tana jin ɗanta sarai.

Ran Asabar Goggo ta zo. Yayar Kafinta ce, ita ta riƙe shi tun yana shekara tara bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma shekara talatin ta yi tana koyarwa kafin ta yi ritaya a matsayin shugabar makaranta. Mace ce mai kirki, sai dai kirkin nata da bulala yake tafe. Ta zauna a kujerar tsakiya, ta sha shayi, ta zuba wa yaron ido kusan awa guda. Can ta ajiye kofi.

"Sau goma sha ɗaya."

"Na'am, Yaya?" in ji Umma.

"Sau goma sha ɗaya ya nuna, sau goma sha ɗaya kika ruga. Inda kika makara, wannan mai bakin ta fassara. To me zai sa ya wahalar da harshensa? Ke kika ɗaure masa baki da rawar jikinki! Ki haɗa masa kayansa ƙarshen mako mai zuwa, zai zauna wurina wata shida. Na riga na yi magana da ƙanena, ya amince."

Umma ta juya ta dubi mijinta. Kafinta ya duƙar da kai yana kallon ƙafar tebur kamar yau ya fara ganinta, alhali shi ya ƙera ta. Umma ta miƙe. Ta kwashe kofuna ta shige kicin, ta buɗe famfo don kada a ji, ta yi kuka mai isarta. Maganar Goggo ta yi mata zafi, amma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne a yanke hukunci a kan ɗanta ita ce ta ƙarshen ji.

Kwana biyu tana gaishe da mijinta, tana ajiye masa abinci, ba ƙari. Ran Litinin, bayan ta sa Rediyo a bas ɗin makaranta, ta goya Auta ta riƙe hannun Malam Nuni har shagon mijinta. Ta same shi yana goge wata ƙofa, garin katako duk a gashin girarsa.

"Lafiya kika zo har nan?"

"A gida yara na ji. Abban Rediyo, yaushe ka ba da ɗana?"

"Haba, wane irin ba da? Gidan Yaya ne fa, ba wata uwa duniya ba. Kin san ita ta yi mini uwa. Ban taɓa buɗe baki na ce mata a'a ba, ban san ma yadda ake yi ba."

"Ita ta yi maka uwa, na yarda. Shi kuma wace ce uwarsa?" Ta nuna yaron. "Yaron da ba zai iya cewa cikina na ciwo ba — in ya nuna ba a gane ba fa? Wa zai gaya wa?"

Kafinta ya ajiye abin gugar. Ya daɗe yana kallon ɗansa da ya tsuguna yana jera guntayen katako daga babba zuwa ƙarami.

"Na yi kuskure da ban shawarce ki ba. Ki yafe ni. Bari in roƙe ta ta ba mu wata ɗaya, mu gwada da kanmu."

Goggo ta yarda da ƙyar. Wata ɗaya, ta ce, ko kwana ɗaya ba za ta ƙara ba.

Suka koma wurin likita. Ya ce wa Umma ta cire wa ranta cewa laifinta ne, yara kowa da lokacinsa. Sai dai in yaron ya nuna abu ta dakata, ta ƙirga goma a zuciya, ta faɗi sunan abin, ta ba shi fili ko zai gwada. In bai gwada ba ta ba shi abinsa, kada a mai da shi horo.

A baki abin ba wuya. A gida kuwa Umma ta gane ƙirga goma ya fi wankin bargo wahala. Hannunta kan tafi da kansa, har sai da ta koma cusa shi cikin zane tana danne shi da ɗayan. Ranar farko Malam Nuni ya nuna kofi, ya ga ba a motsa ba, ya dube ta da mamaki, ya sake nunawa, sannan ya zube ƙasa yana birgima. Ta kai bakwai ta kasa, ta ɗauke shi suka yi kukan tare.

Rediyo ce ta fi kowa shan wuya. Ubanta ya yi mata alkawarin gadon 'yar tsana in ta daina fassara. Sai ka gan ta ta toshe baki da hannu biyu, kumatu sun kumbura, ido ya fito.

"Umma, filis, sau ɗaya kawai! Wallahi zan fashe! Ayaba yake so!"

"Kin ga kin faɗa."

"Sori. Ba ni ba ce, bakina ne."

Kafinta ya fara rufe shago da wuri. Shi ke yi wa yara wanka, ya fito jiƙe sharkaf kamar shi aka wanke, sannan ya baje a tabarma yana ɗaga kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya: "Guduma. Ƙusa. Zarto." Umma na ninke kaya tana kallonsu, tana jin wani sanyi a ranta. Cikin wannan jiran ta ga abubuwan da sauri ya hana ta gani a da. Ashe yaron bakin mai magana yake kallo, ba idonsa ba. Ashe in ta yi wa Auta waƙa yana bi a maƙogwaro. A mako na uku ya fara "mm" da "ba". Amma kalma, ko ɗaya.

Ana gobe wa'adi zai cika, da la'asar, Kafinta ya dawo ya tarar da ita a ɗaki tana shirya 'yar jaka. Ba ta yi masa gori ba, ba ta ɗaure fuska ba. Ta miƙa masa wasu takardu biyu da ta yago daga littafin Rediyo.

"Ka ba Yaya wannan, zai taimake ta."

Ya karanta a tsaye. In ya taɓa kunnen hagu barci yake ji. In ya nuna ƙofa sau biyu bayi yake so, a yi sauri. Yana tsoron ƙarar injin markaɗe, a fitar da shi kafin a kunna. In ya yi shiru ya ɓuya bayan labule wani abu ke masa ciwo, a duba cikinsa. Ba ya barci sai ya riƙe yatsan mutum. Haka har ƙasan shafi na biyu, abu talatin da huɗu, wasu layukan biro ya jiƙe ya baje. Kafinta ya ninke takardun ya sa a aljihu, ya fita tsakar gida ya daɗe bai dawo ba.

Washegari da hantsi tasi ta sauke Goggo. Bayan gaisuwa ta dubi jakar da ke jingine a bango ta ce, "Madalla, an shirya."

Kafinta ya sauko daga kujera ya durƙusa gabanta.

"Yaya, ki gafarce ni. Yaron nan ba zai je ba."

"Me ka ce?"

"Ba zai je ba. Ko ya yi magana ko bai yi ba, wurin uwarsa zai zauna."

Goggo ta cire tabarau. "Ni kake gaya wa haka? Ni da na hana kaina ci na ba ka? Yau mace ta..."

"Ba ita ta sa ni ba, Yaya, ga jaka can ita ta haɗa da hannunta. Ke kika koya mini. Kin tuna ranar da Kawu ya zo zai tafi da ni bayan rasuwar Inna? Kika tare bakin ƙofa kika ce sai dai ya bi ta kanki. Shekararki sha tara. Na riƙe zanenki ina rawar jiki — har yau ban manta ba."

Goggo ta juya. Ta dubi yaron, ta gan shi tsaye ya damƙe zanen uwarsa da hannu biyu. Sai dai tsohuwar shugabar makaranta ba ta saba sauka haka kawai ba. Ta share ido da gefen mayafi, ta miƙa wa yaron hannu.

"To zo nan, mai gida. Kai ake wa rigimar. Za ka bi Goggo?"

Rediyo ta ja numfashi za ta amsa, Umma ta rufe mata baki da tafin hannu. Ta fara ƙirgawa a zuciya. Biyar. Shida. Malam Nuni ya saki zanen da hannu ɗaya, ya nuna ƙofa, ya dubi Goggo ido cikin ido.

"Tafi."

Goggo ta janye hannunta.

"Me... me ka ce?" in ji Goggo.

"Tafi!"

Umma ta zube a gwiwa ta rungume shi tana kuka tana dariya, har Auta ta firgita ta tsala ihu. Kafinta sai "Alhamdulillahi" yake ta maimaitawa, hawaye na bin gemunsa. Rediyo ta ƙwace bakinta.

"Umma, ya yi wa Goggo rashin kunya! Ka ce sori! Abba, a fasa gadon 'yar tsanar, ni dai a bar ni in yi magana!"

Goggo ta dafe ƙirji tana dariya har da tari. "Shekara talatin ina buɗe wa 'ya'yan mutane baki, yau na jinina ya buɗe nasa ya kore ni!" Ta jawo hannun Umma ta riƙe. "Ki yafe mini, 'yata. Na faɗa miki magana mai nauyi."

"Ba komai, Yaya. Ai da gaskiyarki a ciki, ke kika koya mini jira."

Goggo ba ta tafi ba sai bayan la'asar, kuma da hannunta ta zazzage jakar ta mai da kayan cikin durowa.

Darasin a fili yake. Dangi na iya kawo gyara mai amfani cikin magana mai ɗaci, mai hankali sai ya ɗauki gyaran ya yi haƙuri da ɗacin. Miji kuma zai iya girmama waɗanda suka raine shi ba tare da ya danne haƙƙin matarsa ba. Umma ta yi haƙuri da ɗanta, ta yi da mijinta, ta yi da yayar mijinta, Allah kuma bai bar ta haka ba.

Tun daga nan Goggo ke zuwa duk Asabar da littattafai masu hotuna, ta zauna a tabarma duk da ciwon gwiwa. Kuma duk baƙon da ya shigo gidan sai ta ba shi labarin, ba ta taɓa faɗin kalmar da yaron ya furta ba, sai dai ta gyara zaman tabarau ta ce, "Duk gidan nan ni ya fara yi wa magana."