Rawanin Na Tsakiya

Tun da aikin haƙar yuraniyom ya ja baya, shagon hoton Tomas a Arlit ya koma wurin gyaran tsoffin hotuna. Masu barin gari ke kawowa, shi kuma ya sa masu launi da na'urar kwamfuta. Ranar nan ana kiran magariba, yana haramar rufewa, sai ya ga wani dogon mutum tsaye a kansa. Bai ji takunsa ba, bai ji sallama ba.

Mutumin ya miƙo hoto fari da baƙi, mai tsaga daga gefe har tsakiya: ma'aikata biyar a bakin ramin haƙar ma'adinai.

"Rawanin na tsakiya za ka rina, maigida. Sauran bar su tukuna." Muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa.

Tomas ya shigar da hoton cikin na'ura, ya zagaye rawanin, ya zaɓi shuɗi.

"Ba wannan ba," in ji baƙon. "Shunin nan mai zuba a goshi."

Tomas ya ƙara wa launin duhu. Warin marina ya cika ɗakin. Ya duba yatsunsa, sun yi shuɗi, alhali linzamin na'ura kaɗai ya taɓa.

Ya waiwaya ya ce an gama. Sai yanzu ya lura: fata, riga, takalma, baƙon duk launin toka ne, ga tsagar hoton nan a kafaɗarsa. Rawaninsa kaɗai ke sheƙi da ɗanyen shuni.

Baƙon ya juya wajen ƙofa.

"Ku shigo," ya ce wa sauran huɗun. "Ya iya."