Jirgin Tharakan Ya Nutse a Ɗaure

Ranar Alhamis da safe ma'aikatan garejin jiragen ruwa na Edakochi, a birnin Kochi na ƙasar Indiya, suka dawo daga hutun bikin kayan aiki na mabiya addinin Hindu, suka tarar jirgin Tharakan ya nutse a inda aka ɗaure shi. Goshinsa na cikin laka, injinansa uku na kallon sama. Masu nutso suka shiga, suka fito da gawar Kunjappan maigadi daga ɗakin gaban jirgin, da kwalbar bammi babu ko ɗigo.

Sufeto Balagopal ya duba gawar bai ji komai ba. Shekara ashirin da shida yana duba gawarwaki, ya daɗe da daina jiran ya ji wani abu. Ya rubuta lokaci, ya hana a taɓa komai a garejin, har da kayan aikin da aka jera a rumfa tun yammacin Talata, an wanke su, an ɗiga musu kwaɓin itacen sandal mai ƙamshi, an lulluɓe da furanni don su huta.

Tharakan mai shagunan zinare ne. Ya sayi jirgin ne don ya fi na surukinsa gudu.

"Ga shi can, Saar, ka kama shi!" Saar, wato yallaɓai, haka ake ce wa manya a nan. Tharakan ya nuna wani dattijo da ke tsaye jikin rumfa. "Ƙaramar farfela na ce ya sa min, ya je ya fafe min jirgi kamar ƙwarya!"

Dattijon shi ne Ouseph, makanikin da ya yi aikin. Shekararsa sittin da uku. In aikinsa ne ya saki, sakaci ne da ya ci rai, kuma a kurkuku zai ƙarasa tsufansa.

"Faɗa min abin da ka yi wa jirgin," in ji Balagopal.

"Rami biyu a goshi, Saar, hagu da dama, ƙasa da inda ruwa ke kaiwa. A zura bututu ya ratsa. A liƙe shi ciki da waje da faiba da gam, shimfiɗa tara. Farfelar tana zama tsakiyar bututun. Ka taɓa sandar sarrafa ta da yatsa, goshin jirgi ya matsa gefe."

"Amfaninta?"

"Jirgin gudu ba ya jin magana in ya rage gudu. Wajen jingina shi a bakin gada ake jin kunya."

"An ce kun yi faɗa da mai shi."

"Ce masa na yi a jira gam ya ƙara kwana biyu. Ya kira ni tsohon banza a gaban mutane. Ranar Litinin aka sa jirgin a ruwa."

"Kana da makullin ƙofar garejin?"

"Ina da shi."

Da azahar injin ɗaga kaya ya fito da jirgin. Balagopal ya rarrafa ɗakin gaba, ya ɗaga katakon gado, ya haska tocila. Liƙin bututun yana nan daram. Amma a gefensa akwai huji uku masu faɗin ƙaramin yatsa, sumul, daga ciki aka yi su. An kuma zare wayar famfon da ke kwashe ruwa.

Wannan bai wanke Ouseph ba. Daga sakaci ya koma ganganci ke nan.

Cire Tharakan daga zargi bai ɗauki lokaci ba. Ranar Laraba yana Thrissur yana yanka ƙyallen sabon shago gaban masu hoto. Da Balagopal ya ce ya nuna masa inda bututun yake daga ciki, sai ya buɗe firij ɗin jirgin. Mai garejin kuwa ya tafi ziyarar ibada da iyalinsa tun Litinin. Makullai uku suka rage: na mamacin, na Ouseph, da na matuƙin jirgin.

Matuƙin, Sukumaran, yana zaune a ƙarshen gadar katako da kwanon abinci a rufe a cinyarsa. Ma'aikata sun ce shekara da shekaru shi da Kunjappan suke raba wannan kwanon kullum.

"Yaushe ka fara yi wa Tharakan tuƙi?"

"Tun jirgin mahaifinsa, Saar. Shekara ashirin da biyu."

"Me wannan farfela take yi?"

"Abin da nake yi."

"Ban gane ba."

"Kowa ya iya gudu. Maigida ma ya iya. Jinginawa ce ba ya iyawa, in ruwa na ja, iska na turawa, baƙi na kallo. Ranar Litinin ya jingina shi da yatsa ɗaya. Ya tafa wa kansa."

"Ya ce maka wani abu?"

"Ya tambaye ni ko na iya tuƙa mota."

"Ka iya?"

"A'a."

Balagopal ya rubuta. Dalili ba hujja ba ne. Rabin mutanen Kochi suna da dalilin nutsar da jirgin Tharakan. Ya koma rumfa ya kira Ouseph.

"Wanne cikin waɗannan zai yi huji kamar wancan?"

Ouseph ya bi jerin da ido: zarto, guduma, sufana, injin goga. Sai ya tsaya.

"Wancan ba namu ba ne."

Ƙaramin injin huda ne mai batir, a ƙarshen layi. Balagopal ya tsuguna. Furannin sauran kayan sun yi yaushi, sun yi baƙi-baƙi. Nasa da sauran ransu. An ɗiga masa sandal a tsanake, daidai tsakiya. A kwarmin bakinsa akwai farin garin faiba da ya jiƙe ya bushe. A marikinsa takardar shago ko ɓarewa ba ta yi ba.

Ya tura kofur shagon. Na wani Alhaji Moideen ne, shi kaɗai ke buɗewa ranar biki a duk layin. Kafin shayin Balagopal ya huce kofur ya dawo da amsa.

Sukumaran bai motsa daga inda yake ba. Balagopal ya zauna gefensa, ya ajiye injin a tsakaninsu cikin leda.

"Yaya Sukumaran, bari in faɗa maka yadda na gani, in na yi kuskure ka gyara. Injin huda bakwai ne a rumfar nan. Wanda ya huda jirgin bai taɓa ko ɗaya ba, ya bi rana ya je ya sayo sabo. Ouseph Kirista ne, ba Hindu ba kamarka. Yana sa kayansa a jeri don zaman lafiya, amma da shi ne, nasa zai ɗauka ya mayar. In ma sabo ya saya, ruwa na gabansa, zurfin gaba uku. Wanda ya yi wannan mutum ne da zai iya nutsar da jirgi amma ba zai iya tashin guduma daga hutunta ba. Alhaji Moideen kuma ya ce ka gaishe shi da kyau ranar Laraba."

Sukumaran ya kalli ledar.

"So na yi a ce farfelar ce," ya ce. "A ce ba a huda goshin jirgin gudu. A toshe ramin, a koma yadda ake."

"Ouseph fa?"

"Na ɗauka zagi kawai zai sha. Ya saba."

"Kunjappan fa?"

"Ce min ya yi zai tafi wurin 'yarsa a Alappuzha, sai Alhamis. Ni na ba shi kuɗin motar." Muryarsa ba ta sauya ba. "Da kuɗin ya sayi bammin, ya shiga jirgin ya kwanta."

Wani kwale-kwalen kifi ya wuce, igiyar ruwansa ta bugi gadar.

"Abu ɗaya ya rage min," in ji Balagopal. "Me ya hana ka jefa injin a ruwa? Da yanzu Ouseph nake rufewa."

Sukumaran ya juyo, karo na farko da wani abu ya motsa a fuskarsa, kuma mamaki ne.

"Ranar bikin kayan aiki, Saar? Injin me ya yi?"

Aka tafi da shi a mota. Kwanon abincin ya bari a kan gada, a rufe.

Ouseph bai yi godiya ba. Ya tsaya gaban rumfa ya tambaya ko yanzu an yarda mutane su ɗauki kayansu. Tharakan ya biyo Balagopal har bakin ƙofa yana son sanin abu biyu: ko farfelar za ta gyaru, da kuma ko Saar ya san wani matuƙi mai amana, don shi gaskiya jirgin nan ya fara ba shi tsoro.

A ofis kofur ya ɗaga ledar zai rubuta mata lamba. Fure ɗaya ya maƙale a bakin injin.

"In cire, Saar?"

"Bar shi," in ji Balagopal. "Rubuta shi ma."

Ya jingina da kujera ya ɗan saurara, ko zai ji wani abu. Yunwa kawai ya ji.