Ranar da Salima Ta Ce Kada a Shuka

Rana ta take tsaka a Jiratawa, ƙasa tana ƙuna kamar an shimfiɗa garwashi, ga Salima durƙushe a bakin gonar ubanta tana share yashi daga jikin kwalbar auna ruwan sama. Baffanta Chaibu ne ya tumɓuke sandar da kwalbar ke bisa, ya maka ta da ƙasa har ta tsage daga baki, ƙattin gari suna tsaye suna dariya. Ƙatti da gemu, wai su ne maza! Babu ko guda da ya ce a bari. Hawayenta na sauka, ƙasa na shanyewa kafin su taru... Allah wadaran zumuncin da gona ke rabawa!

Marainiya ce gaba da baya. Uwarta 'yar Tibiri ce, ta rasu tun Salima tana goye. Ubanta, Malam Inusa, shekara goma sha biyu yana tsaron kwalbar nan. In an yi ruwa ya duba lamba ya buga wa ma'aikatan meteyo na Maraɗi waya, wato masu hasashen yanayi, su kuma su gaya mashi abin da suke hange a sama. Bara ya cika. Abin da ya bar mata bai wuce gonar jigawa guda ba, sai kwalbar, sai tulu uku na irin hatsi da ya cakuɗa da toka ya liƙe da laka, sai kakarta ta wajen uwa, Kubura, makauniya, wadda ba ta da kowa sai ita.

Laifin Salima kuwa shi ne ta faɗi gaskiya. Ran Talata aka yi ruwan farko, gari ya ɗauki sungumi yana murna. Ita da ta duba kwalba ta ga ruwan bai kai ya jiƙa ƙasa tsawon yatsa ba. Wani ma'aikacin meteyo da ake ce wa Mushe Idirisa ya kira ta a waya, ya ce wata iska mai nauyi ta zo ta zauna a sama kamar murfin tukunya, tana danne duk hadarin da ya taso. Sati uku ko fiye babu ruwan kirki, sai zafi mai tsanani, wanda ya shuka yanzu ya binne irinsa a murhu. Baiwar Allah ta bi gida gida tana roƙon mutane su dakata. Da ta yi shiru abinta da wa zai zarge ta? Amma ina, ɗiyar Inusa ce.

Chaibu dama tun ranar sadakar uku idonsa ke kan gonar. Ya je gaban maigari ya ce yarinya ta kasa, ga ruwa ya sauka ta ƙi shuka, kuma gonar gado ba ta zama kango alhali dangi na da ƙarfi. Ya ƙara da cewa kwalbar nan ba ta awo ba ce, ta ɗaurin ruwa ce, tsafin dangin uwarta ne. Maigari, mutumin da bai taɓa yanke hukunci ba sai ya duba wanda ya fi ƙarar murya, ya ce Chaibu ya noma gonar bana.

"Baffa, ka ɗauki gonar in ka so," in ji Salima tana kuka, "amma don Allah kada ka zuba iri yanzu. Wallahi ƙonewa zai yi."

"Ji min ja'ira! Yaushe kika zama sakataren Ubangiji? Ina noma tun uwarki ba ta san hanyar Jiratawa ba."

Shi ne ya fasa kwalbar. Ya shuke gonarsa, ya shuke tata, da iri ya ƙare ya kwashe hatsin ci na rumbunsa ya ƙara. Kwaɗayi ai ba ya lissafin gobe.

Hatsi ya tsiro, kore shar. Sai sama ta bushe... Kullum da la'asar hadari ya haɗo gabas, a fito ana kabbara, ya watse kamar hayaƙi. Kwana goma tsiro ya fara lanƙwashewa, kwana goma sha biyar ya koma kamar gashin akuya. To wa za a zarga? Su zargi kunnuwansu da suka toshe? A'a, marainiya ta fi sauƙi. Mata suka hana ta ajiye bokiti a layin famfo, suna kiranta mai baƙin baki. Ranar roƙon ruwa aka kore ta daga filin idi kamar karya. Ta taka da ƙafa har Maraɗi, don ko kuɗin kabu-kabu ba ta da su, ta isa ofishin meteyo tafin ƙafarta duk ya yi bororo. Mushe Idirisa ya ba ta ruwa, ya ce murfin bai ɗaga ba tukuna, ta yi haƙuri ta riƙe irinta.

Ko da ta dawo ta iske Chaibu a ɗakinsu, ya zo kwasar tulunan iri, wai zai sake shuka. Kaka Kubura ta lalubo ta haye kansu ta zauna, ta ce sai dai ya ɗauke su tare da gawarta. Ya fita yana zage-zage. Salima ta faɗa jikin tsohuwa suka yi ta kuka, tsohuwa tana shafa kanta tana cewa, "Ya Allah, kai ka ga wanda bai da kowa. Ka isar mata."

Kwana na ashirin da huɗu Mushe Idirisa ya zo da kansa, ya tsaya ƙofar maigari. Ya ce iskar ta janye, jibi a sa ran ruwan shuka na gaske, kuma abin da yarinyar nan ta faɗa shi aka yi ta sanarwa a rediyo, sai dai wanda ya ƙi ji. Jibin kuwa tun hantsi sama ta buɗe, aka yi ruwa har kududdufai suka cika. Gari ya fito... sai aka tsaya ana kallon juna. Ga ruwa, ina iri? Duk sun binne shi a murhu.

Kunya ba ta kashe mutum, da an yi jana'iza da yawa ran nan. Masu dariyar jiya suka jeru ƙofar Salima da ƙoƙuna, kowa kai a ƙasa. Maigari ya ga inda murya ta koma, nan take ya mayar mata da gonarta, ya ce Chaibu ya ɗauko sandar da ya tumɓuke ya kafa da hannunsa gaban jama'a. Ya kafa, gumi na bin gemunsa, matan famfo suna yi mashi guɗar shaƙiyanci, su da bakinsu bai bushe da zagin yarinyar ba.

Salima ta fasa lakar tulu biyu ta raba wa mutane, na uku ta ajiye wa gonar ubanta. Chaibu ne ƙarshen layi, rumbunsa wayam, gonarsa toka. Ya miƙa hularsa don ko ƙoƙo bai zo da shi ba, ya ce ɗiyata, ki dubi zumunci.

Ta share hawayenta, ta shiga ɗaki ta fito da tsagaggiyar kwalbar nan, ta cika ta da hatsi. Yana zuba ta wajen tsagin yana faɗuwa ƙasa.

"Da ita zan auna maka, Baffa," ta ce. "Abin da ya zube, kai ka tsaga. Sai ka duƙa ka tsince."

Ya kuwa duƙa.