Kunne Ɗaya na Duniya

Gab da magariba na ɗauki makullin shagon maigidana da ya koya mini aiki, marigayi Malam Mutari, na nufi unguwar Birni. Kaset ɗaya a aljihu, ɗan ampili da rakoda a leda. Aikin minti goma ne, haka na ce wa Inna. Ni Alkasum, shekara ashirin ina gyaran rediyo a Damagaram, canza aisi, ɗan ƙaramin kayan cikin inji, ai ba aiki ba ne a wurina.

Kaset ɗin na yayana Illa ne. Shekara goma sha tara ke nan da ya tafi Libiya ci-rani. Bai iya rubutu ba, sai ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba wani direba ya kawo. Tun daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Duk Juma'a Inna take sauraron kaset ɗin, har kunnenta ya fara mutuwa. A likita aka ce jin da ya rage mata kaɗan ne, shi ma tafiya yake yi. Ranar ta riƙe hannuna ta ce, "Alkasum, ina so in ji shi tas, ko sau ɗaya, kafin kunnen ya rufe."

Shi ya sa na haɗa mata ɗan ampili na ƙara murya, mai aiki da pil, wato batir, da abin sawa a kunne, wanda muke kira kaske. Ƙara kam ya ƙara. Amma aisin da ke ciki, wannan ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas da ke ɗaga murya, na kasuwa ne, tarkacen banza. Yana ɗaga muryar Illa yana ɗaga shuuu tare da ita, kamar ana suyar ƙosai a bayansa. Na gwada aisi uku, duk kanwar ja ce. Haushi ya ishe ni.

Sai na tuna da injin da ke ƙuryar shagon maigida.

Wani dogon mutum ne ya kawo shi gyara tun ina koyon aiki, da magariba, ya ajiye ya ce zai dawo. Bai dawo ba. Maigida ya rufe injin da buhu, ya hana kowa taɓawa. Ni kuwa na taɓa leƙa cikinsa, na ga aisi irin na da, masu kyau, waɗanda ko a Kano ba ka samu yanzu.

Lungun shagon yashi ne, ƙafa na nutsewa. Ƙamshin tuwo na fitowa ta katanga, awaki na komawa gida. Na buɗe ƙofar kwano, na bar ta a buɗe don haske. Warin ƙura da kashin jemage ya tarye ni. Na jona ƙarfen dalma a kuran, wato lantarki, na yaye buhun, na narkar da ƙafafu takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Aisin ya faɗo tafin hannuna. Abin da ya fito daga wuta, amma sanyi ƙalau.

Na cire na kasuwar daga gurbinsa a ampili, na duba alamar kai don kada in juya shi, na danna wannan. Ya zauna daram.

Maigida yana da doka guda, wadda ya sha ja mini kunne a kanta. In za ka gwada inji da kaske, ka rufe kunne ɗaya kawai. "Kunne ɗaya na inji, ɗaya na duniya," in ji shi. "Ba ka san wa zai yi maka sallama ba." Na ɗauka maganar kada abokin ciniki ya wuce ce. Ranar ina so in ji abin da Inna za ta ji, sai na rufe duka biyun. Ko bisimilla ban yi ba, Allah ya yafe mini.

Na danna rakoda.

"Salamu alaikum. Inna, ni ne Illa. Ina Sabaha, lafiya lau nake."

Wayyo Allah! Babu shuuu, ko ɗigo. Na ji yana haɗiye yawu. Na ji shayi na tafasa a gefensa, na ji ƙuda ya gifta. Hawaye suka zubo mini don murna, na ce yau Inna za ta yi kwanan daɗi.

Kaset ɗin na haddace shi kamar Fatiha. Minti shida ne. Ya gaida kowa, ya nemi addu'a, ya yi sallama. Na ga maɓallin rakoda ya yi tsalle, kaset ya tsaya.

Ban ji ƙarar maɓallin ba.

Shayin kuma bai daina tafasa ba.

Na ɗaga hannu in cire kaske. Hannun bai tashi ba. Na gwada ɗayan. Su biyun suna kan tebur kamar na aro. Kasken ya matse mini kai, yana ƙara matsewa a hankali.

Ta ƙofa ina ganin mutane suna wucewa masallaci, da ruwan alwala a gemu. Wani ya buɗe baki yana dariya. Wani babur ya gifta. Ban ji komai ba. Na san ana kiran salla, ga masallaci nan ƙofa uku, amma ko harafi bai iso ni ba.

Na yi ihu. Na ji maƙogwarona ya karce. Ba wanda ya waiwayo.

Sai ƙofar ta fara rufuwa da kanta. Ƙofar da ƙararta ke tada unguwa. Ta rufe shiru, duhu ya cika shagon. 'Yar jar fitilar ampili kaɗai ta rage.

A cikin kunnena aka ajiye kofin shayi.

Aka tako. Taku a kan yashi, ba gaggawa. Daga dama ya zagaya bayana, ya koma hagu. Wari ya taso, irin na tsohuwar rijiya.

Numfashi.

"Alkasum."

Muryar Illa ce. Amma Illa bai taɓa kiran sunana a kaset ɗin ba. Ƙanena yake cewa.

"Ka ji ni tas?"

Na nemi Ayatul Kursiyyu a kaina. Wallahi na neme ta na rasa, kamar an share allo.

"Kai wa Inna," aka raɗa. "Ka rufe mata duka biyun. Ta daɗe tana kirana."

Nan tsoron ya sauya. Na ga tsohuwar nan zaune kan tabarma, da hannuna zan sa mata wannan abu, tana sa mini albarka. Ni ƙato ga yadda ya yi da ni, ina ga ita?

"A'a," na ce, ko na yi zaton na ce.

Aka yi dariya, ƙasa-ƙasa. Wani abu mai sanyi ya fara shiga kunnena na dama, siriri, kamar tsinke.

Yana shiga.

Yana shiga.

Babban yatsan ƙafata kaɗai ke motsi. Na lalubi ƙasa da shi. Yashi. Ƙafar tebur. Waya. Wayar ƙarfen dalma ce, ban cire shi daga kuran ba.

Na maƙale ta na ja.

Ƙarfen ya faɗo kan cinyata. Na ji ƙaurin wando, na ji ƙaurin nama. Zafin ya tsarga mini har ƙeya, hannuna na hagu ya zabura. Na fizge kunne ɗaya.

"La ilaha illallah."

Ƙarshen kiran salla ke nan, ya faɗo mini kamar ruwa. Na cusa yatsu cikin ampili na tumɓuke aisin, ƙafafunsa suka huda mini yatsa. Na jefa shi cikin injin, na banke ƙofa da kafaɗa. A sahun ƙarshe na yi sallar nan, ba takalmi, cinya na ɗigar ruwa.

Kunnena na dama bai sake ji ba. Shagon na sa an toshe ƙofarsa da bulo.

Na mayar da aisin kasuwar cikin ampili, na ɓoye komai ƙarƙashin gado. Sati biyu ina yi wa Inna hanya-hanya. Ta daina tambaya, ta kuma daina cin abinci sosai. Ran Juma'a ta uku na kasa jurewa. Na sa almakashi na yanke kunne ɗaya na kasken, na yi bisimilla, na ɗora mata ɗayan.

Shuuu ɗin na nan, har daga inda nake ina jin shi. Amma ta ji ɗanta. Ta yi kuka, ta amsa sallamarsa, ta yi ta cewa amin. Kaset ya tsaya. Na miƙa hannu zan cire, sai ta riƙe ni, ta karkata kai tana saurare.

"Alkasum, wai ka kawo ɗayan."

Na ce mata ya lalace, Inna, ba ya gyaruwa.

Na yi niyyar ƙona kaset ɗin, na kasa. Shi ke nan abin da ya rage mata na Illa. Don haka duk Juma'a bayan an sauko masallaci nake rufe shagona in zo in sa mata. Sai in zauna ta gefen kunnen da ke buɗe, in kai bakina kusa, in yi ta zuba da ƙarfi: farashin gero, rigimar maƙwabta, akuyar da ta haihu. Takan ture ni ta ce, "Kai, wannan yaro da surutu! Bar ni in ji ɗan'uwanka."

Ba na bari. Sai na ga ta cire shi da hannunta nake yin shiru.