Makullin Ɗakin Inji

A lokacin tana sabuwar ma'aikaciya, ita ke duba ƙarafa da madubin ƙara girma. Shi kuma injiniya ne, yana kula da dogon injin da ke harba ayon, wato ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, a jikin ƙarfe. A yini guda sai ƙarfen ya tsufa, a ga irin lalacewar da zai yi bayan shekaru a tashar nukiliya.

Ranar farko ya kawo mata ɗan ƙarfe kamar ƙwayar magani. Ta leƙa, ta mayar masa.

"Ya yi kauri, Malam. Ban ga komai ba."

"Ni kuwa na gani," ya ce, yana kallonta.

Washegari saƙonsa ya shigo: "Idanuna, na kankare shi. Ki sake dubawa, ki duba mai shi ma."

Ta amsa: "Mai tsufar da ƙarfe, kar ka tsufar da ni da jira."

Babanta tela ne, mai yawan fargaba. Tunda ya ji kalmar nukiliya ya ware wa injiniyan, da ya fara zuwa neman aurenta, kujera a waje da kofi daban.

"Ba ƙin sa nake yi ba, uwata. Lafiyarki da ta jikokina nake ji."

Sai suka kai shi wurin aikin. A ƙofar ɗakin injin, saurayin ya zaro makulli daga akwati ya miƙa masa.

"Baba, duk mai shiga sai ya riƙe ɗaya. Muddin yana aljihunka, injin ba zai tashi ba."

Baba ya ga ɗakin da ’yarsa ke shiga karɓar ƙarafa. Sai ya taho gida da makullin a aljihunsa.

Aiki ya tsaya cak. Da yamma saurayin ya zo, ya zauna a kujerarsa ta waje, ya sha ruwa a kofinsa.

"Ka zo karɓa ne?"

"Gaisuwa na zo, Baba. In hankalinka bai kwanta ba, makullin ya kwana a wurinka. Ni zan sha faɗan."

Baba ya daɗe yana juya makullin.

"Ɗauko kujerarka ka shigo ciki, ɗana."

Baba da kansa ya ɗinka kayan ango. Ranar ɗaurin aure ya sa musu albarka.

An daɗe da sauya wancan injin. Kofin dai yana nan, jikoki na rigima a kansa.